Wurare Goma da Za Ka Gani a Kano: Sharhi a Kan Jerin da Muke Miƙa wa Baƙo

Duk wanda ya taɓa saukar da baƙo daga nesa a Kano ya san yadda lamarin yake. Bayan an ci an sha an huta, sai baƙo ya ce a kai shi ya ga gari. Nan take mai masauki zai zaro wayarsa ya tambayi intanet, shi da aka haifa a Yakasai ko Mandawari, ina ya kamata ya kai mutum. Amsar da zai samu kusan ɗaya ce a kowane shafi: Dutsen Dala, ganuwa da ƙofofinta, Gidan Makama, fadar sarki, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, Gidan Ɗan Hausa. In ana son a cike goma sai a haɗa da madatsar ruwa ta Tiga da dajin Falgore da gidan namun daji. A ƙarƙashin kowane suna akwai layi huɗu ko biyar, da shekara ɗaya, da hoto.

Wannan jeri rubutu ne, kamar yadda gajeren labari ko waƙa suke rubutu. Yana da wanda ya tsara shi, da wanda aka tsara dominsa, da jarumi, da waɗanda aka bari a bayan fage. Kuma muna jin ya fi yawancin littattafan da ake sharhinsu a wannan mujalla yawan masu karatu, domin ɗalibin da aka ba aikin gida shi yake kwafa, mai ɗaukar bidiyo shi yake karantawa a bakin ƙofa, mai yi wa baƙi jagora shi yake haddacewa. Saboda haka ya cancanci a zauna a duba shi kamar yadda ake duba kowane littafi.

Za mu fara da ba shi haƙƙinsa. Wuraren da ya zaɓa ba na wasa ba ne. A gindin Dala masu binciken tono sun samu alamun narka tama da suka kai ƙarni na 7. Gidan Rumfa fada ce da ake zaune a cikinta ana mulki tun ƙarshen ƙarni na 15. Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, ya isa ya nuna wa kowa abin da maginin Hausa yake iya yi da tubali da azara. A Gidan Ɗan Hausa ne Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko ta Nassarawa a 1909. Wanda ya bi jerin daga farko zuwa ƙarshe bai yi asarar yininsa ba. Damuwarmu tana kan abin da ake gaya masa idan ya isa wurin, da abin da ba a gaya masa.

Shekarun da babu mai tambayar asalinsu

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne yadda jerin yake son lamba. Bagauda ya zo a 999. Gijimasu ya fara ganuwa tsakanin 1095 da 1134. An kafa marinar Ƙofar Mata a 1498. Ana rubuta su babu "wai", babu "an ce", kamar ranar haihuwa a katin ɗan ƙasa.

To daga ina 999 ta fito? Daga littafin nan na Larabci da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908, daga baya kuma aka samu fassararsa ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Abin da yake bayarwa shi ne tsawon mulkin kowane sarki: wane ya yi shekara kaza, wane ya yi wata kaza. Palmer ne ya tara waɗannan, ya ƙirga da baya, ya isa shekara ta 389 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 999. Wato lambar sakamakon lissafi ce, kuma lissafin ya dogara ga amincin kowane tsawon mulki da ke cikin sarƙar. Idan mai ba da labari ya ƙara wa sarki ɗaya shekara goma don girmamawa, ko mai kwafa ya tsallake suna ɗaya, duk abin da ke sama ya gusa. Bagauda shi kaɗai an ba shi shekara 66. Masana irin su Murray Last sun nuna cewa an harhaɗa littafin a siffarsa ta yanzu ne a zamanin shi Sarki Bello, wato kusan shekara 900 bayan abin da shafukansa na farko suke ba da labari.

Wannan bai rage wa Tarihin Kano daraja ba. Garuruwa kaɗan ne a Afirka ta Yamma suke da kundi irinsa. Amma bambanci ne babba tsakanin a ce wa baƙo "an kafa sarautar Kano a 999" da a ce masa "malaman fada sun adana sunayen sarakuna 48 da tsawon mulkinsu, kuma idan aka ƙirga da baya ana isa wajen shekara ta 1000". Magana ta biyu ta fi gaskiya, kuma ta fi daɗin ji, domin a cikinta akwai mutane: masu haddacewa, masu rubutawa, masu ƙirgawa.

Wani misalin ya fi wannan ban dariya. Shafuka da yawa na Turanci suna kwatanta girman ganuwa da kilomita 14, kuma kalmar da suke amfani da ita tana nufin nisa daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta. Da haka ne, da kewayen ganuwar ya kai kilomita 88, da kuma tafiya daga Kurmi zuwa Ƙofar Kabuga ta zama bulaguro. Duk wanda ya taɓa hawa ɗan sahu a wannan hanya ya san ba haka ba ne. Lugard, wanda ya ga ganuwar a tsaye a 1903, mil 11 ya ba kewayenta, wato kusan kilomita 18. Wani ne ya yi tuntuɓen kalma sau ɗaya, sauran suka yi ta kwafa. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo: kuskure guda a tushe, in aka kwafe shi wuri ɗari, sai ya koma kamar shaida ɗari. A sana'armu maganinsa shi ne kowane layi ya kasance ana iya bin sawunsa, a san wanda ya rubuta shi da ranar da ya rubuta. Jerin wuraren tarihinmu ba shi da wannan sawu ko kaɗan.

Haka ma 1498 ta marina. Shekarar ta faɗo a ƙarshen zamanin Rumfa, kuma ana iya fahimtar dalilin da ya sa ake son jingina kowane tsohon abu na Kano da shi. Sai dai binciken Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa babbar bunƙasar rini a ƙasar Kano ta zo ne a ƙarni na 19, kuma tana da alaƙa da wata dabara ta gini: laso, simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, wanda ya ba da damar haƙa manyan ramuka masu riƙe ruwa maimakon tukwane. Wannan labarin ƙirƙira ne, na mutanen da suka gano cewa dattin da ke taruwa a gindin ramin rini, in an ƙona shi, yana iya zama abin gina sabon rami. Mun fi son ɗanmu ya dawo daga Ƙofar Mata da wannan a kansa a kan ya dawo da lamba huɗu.

Jarumi ɗaya, sauran 'yan kallo

Idan aka karanta jerin a matsayin labari, jaruminsa sarki ne. Sarki ya gina ganuwa, sarki ya kafa kasuwa, sarki ya gina fada. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 bisa wancan lissafi, ya cancanci yabon da yake sha. A zamaninsa aka faɗaɗa ganuwa, aka kafa Kurmi, aka samar da Tara ta Kano, kuma shi ne Shehu Magili ya rubuta wa nasiha a kan mulki. Amma Rumfa bai kwaɓa ƙasa ba. Ganuwar da Lugard ya ce tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50 hannu ne ya ɗora ta, kwando bayan kwando, kuma kowace damina tana cin ta, kowane rani sai an fito an gyara. Kududdufan da suka cika cikin birni, waɗanda yanzu ake cikewa ana gini a kansu, su ne ramukan da aka ɗebi ƙasar gina gari. Su waye suka ɗebe ta? Jerin bai tambaya ba.

Abin mamaki, shi kansa Tarihin Kano ya fi jerinmu adalci a nan. Kafin ya kawo Bagauda, sai da ya lissafa manyan mutanen Barbushe da sana'o'insu: akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, akwai mai haƙo tama ya narka. Marubucin fada na ƙarni na 19 ya ga ya dace ya buɗe tarihin birni da masu sana'a. Mu kuwa idan muka hau Dala da baƙo, abin da muke ce masa bai wuce "nan ne ake bautar Tsumburbura kafin zuwan Musulunci" ba, sai mu juya mu nuna masa rufin kwano. Ba ma gaya masa cewa Maguzawa, waɗanda suka riƙe wani ɓangare na waccan tsohuwar rayuwa, har yanzu suna nan a ƙauyukan Kano da Katsina suna noma, Hausawa ne kamar kowa. Ba ma gaya masa cewa ranar Takutaha dutsen cika yake da yara da manya, wato Dala ba kango ba ne, wuri ne da gari yake hawa har gobe.

Mata kuwa kusan babu su a jerin gaba ɗaya. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa arzikin garin a kan tufafi yake, kuma ana kai su har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Kowane zaren da ke cikin waɗannan tufafi mace ce ta gurje audugarsa, ta shiɓe ta, ta kaɗa shi da mazari a tsakar gida. Babu kaɗi, babu saƙa. Babu saƙa, babu abin da marini zai tsoma. A cikin fada ma, Heidi Nast ta nuna a littafinta na 2005 cewa ƙwaraƙwaran sarki da jakadu suna da hannu dumu-dumu a harkar hatsin haraji, har ma da rini. Tarihin Kano ya ambaci Madaki Hauwa, matar Rumfa kuma mahaifiyar Sarki Abdullahi, a matsayin mace mai faɗa a ji. Baƙon da ya bi jerinmu zai koma gida yana zaton maza kaɗai suka yi shekara dubu a birnin nan.

Sai maganar da ta fi nauyi a baki. Idan aka zo kan Kurmi, jerin yakan lissafa fata da turare da kayan doki da tufafi. A cikin kayan da aka sayar a wannan kasuwa har da mutane. Hugh Clapperton, da ya zo a 1824, ya kwatanta rumfunan da ake zaunar da bayi, maza daban mata daban. Gandayen sarauta a wurare irin su Fanisau da ƙarfin bayi aka noma su. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya, wato akwai tsofaffin da muka taso muka tarar waɗanda aka haifa kafin nan. Adabinmu bai ji kunyar wannan magana ba. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka kawo Kano, Balarabe ya tafi da shi ƙetaren Sahara, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin mutane. An koyar da littafin a makarantu, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. To in ƙagaggen labari ya iya duban abin ido da ido shekara 90 da suka wuce, me ya hana rubutun da yake kiran kansa tarihi? Mun san amsar: maganar asali tana da zafi, tana taɓa aure da sarauta da zumunci. Ba muna cewa a tona asirin gidan kowa ba. Muna cewa ne a faɗa wa mai ziyara cewa abin ya faru a nan, domin shirun da muke yi shi yake barin kalmar "bawa" ta ci gaba da zama abin gori.

Wa ake yi wa magana?

A karanta jerin da babbar murya, za a ji cewa ba da Bakano yake magana ba. Yana bayyana abin da rawani yake, yana kiran hawan salla da sunan Daba, yana ba da shawarar a zo da kyamara a kuma yi ciniki sosai a kasuwa. Mai karatun da yake hange Bature ne mai jaka a baya. Idan ma an samu jerin da Hausa, sau da yawa fassarar wancan ce, har da ginin jimlarsa.

Wannan muryar tana da tarihi. Barth da Clapperton sun rubuta wa mutanen Turai ne, don su san me ake samu a nan da nawa ake sayarwa. Kalmar Daba kanta daga Indiya Turawan mulki suka ɗauko ta, suka liƙa wa taron dawakin da suke shirya wa manyansu, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Mun yi murna da UNESCO ta sanya hawan Kano a jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Amma wanda aka ce masa "Daba" kawai, dawaki da launi zai gani. Wanda aka ce masa Hawan Daushe zai tambayi dalilin da ya sa sarki yake zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki. Wanda aka ce masa Hawan Nassarawa zai gano cewa sarki yana fita bayan ganuwa ne ya kai ziyara gidan gwamnati, al'adar da ta samo tushe daga zuwa wurin Razdan a zamanin Turawa, kuma a hanyarsa yana ratsa unguwannin baƙi. Kowane hawa yana da hanyarsa da ma'anarsa, suna ɗaya na aro ya shafe su duka.

Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce Baturen nan mai jaka ya daɗe da rage zuwa. Waɗanda ke cika waɗannan wurare yau 'yan makaranta ne da malamansu, da amare da angwaye masu ɗaukar hoto, da 'yan kasuwar Damagaram da Maraɗi da suka shigo sari, da jikokin fataken goro daga zangunan Kumasi da Accra waɗanda suka zo neman gidan kakanninsu. Waɗannan ba sa buƙatar a fassara musu rawani. Bahaushen Gana yana son a nuna masa unguwannin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda ayarinsu ya riƙa zuwa Salaga da Gwanja. Mutumin Agadas yana son ya ga Agadasawa, ya je Kura ya ga inda ake buga turkuɗin da kakansa yake naɗawa.

A nan ne muke ganin jerin ya yi babbar asara, domin gidan tarihi mafi girma a Kano shi ne sunayen unguwanninta, kuma shiga kyauta ne. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Dandalin Turawa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, waɗanda su aka fara kira da wannan suna. Ayagi ta Yarabawa ce, Tudun Nufawa ta Nufawa, Zangon Barebari ta mutanen Barno. Madabo tana tuna Wangarawan da suka zo da littattafai daga Mali, Sharifai tana tuna zuriyar Shehu Magili. Dukawa da Soron Ɗinki sana'a suke faɗa. Yaron da aka zaga da shi waɗannan lunguna na awa biyu zai fahimci cewa baƙi ne suka taru suka yi Kano, darasin da garin yake matuƙar buƙata a duk lokacin da aka fara maganar ɗan ƙasa da baƙo.

Haka kuma jerin yana tsayawa cak a 1903, kamar ranar da Turawa suka fasa ƙofa tarihi ya ƙare. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya haifar da cinikin gyaɗa da dalarta da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, ya cika Fagge da Sabon Gari. A Kano aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. Gidan Mumbayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna kuma aka binne shi a 1983, yana nan a Gwammaja ƙarƙashin kulawar Jami'ar Bayero. Ba kasafai ake ganinsa cikin goman farko ba, alhali shi ne wurin da talaka zai je ya ga nasa tarihin.

Siminti da ƙasa

Duk wannan da sauƙi in da magana ce ta takarda kawai. Amma yadda ake kwatanta wuri shi yake yanke hukuncin yadda za a riƙe shi. Jerin ya koya mana cewa abin gani shi ne ƙofa, wurin tsayawa a ɗauki hoto. Saboda haka ƙofa ake kashe wa kuɗi, ganuwar da ta ba ƙofar ma'ana kuma ana yanka ta fuloti fuloti, ana ɗibar ƙasarta, ana zuba mata shara. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Yawancin ƙofofin da baƙo zai gani yau sababbin gini ne na zamani, masu faɗin da mota za ta wuce, an yi musu zanko da zane a fuska. Ba mu ce kada a yi titi ba, gari mai miliyoyin mutane dole ya motsa. Amma jerin da yake nuna hoton ginin jiya ya rubuta ƙarni na 12 a ƙarƙashinsa yana yaudarar baƙo, yana kuma kwantar wa mai gida hankali cewa babu abin da ya ɓata. Tsohuwar ƙofa matsattsiya ce, doguwa kamar zaure, mai ƙyaure da ake rufewa da dare, da Sarkin Ƙofa mai riƙe da ita. Wanda bai san haka ba ba zai gane abin da aka rasa ba.

Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin jiran UNESCO, har yau ba ta haye ba. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin mita 27. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ne yake fitowa ya yaɓe babban masallaci. Itatuwan da suka fito daga jikin waɗannan gine-gine matakala ce ta mai yaɓe, an gina su ne da sanin cewa za a dawo a gyara. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da magini. Abin gadon na ainihi shi ne ilimin: yadda ake murza tubali, yadda ake jiƙa makuba daga kwasfar ɗorawa, yadda ake ɗaure bakan gizo da azarar giginya har ya ɗauki rufi, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Jerin da ya lissafa gini goma bai ambaci magini ko ɗaya ba yana taimakawa wajen binne wannan ilimi. Haka a marina: in matasa suka daina koyon haɗa baba da toka, ramukan za su zama ramuka kawai, ko da an kewaye su da katanga mai fenti.

Wani zai ce mun ɗora wa ɗan gajeren rubutu kayan da ya fi ƙarfinsa, ai jeri ne kawai na mai sauri, ba kundin digiri ba. Muna da amsa biyu. Ta farko, gajarta ba ta hana gaskiya. "Bisa lissafin Tarihin Kano" kalma huɗu ce. Ta biyu, ga mafi yawan masu riƙe da waya wannan gajeren rubutun shi ne kaɗai tarihin Kano da za su taɓa karantawa. Littattafai irin su Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da aikin Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman waɗanda suka koya mana tuhumar labaran asali, suna kan kanta a ɗakunan karatu. Jerin kuwa yana cikin aljihun kowa.

Aikin gyaran namu ne, marubuta Hausa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ba sai mun jira wata hukuma ba. Mai rubutun zube zai iya ɗaukar unguwa ɗaya ya zauna da dattawanta, ya rubuta abin da suka ce tare da faɗin cewa su suka ce. Mai ƙagaggen labari zai iya ba mu yarinya mai kaɗi a Kano ta zamanin Dabo, ko magini a kan ganuwa ana gobe Turawa za su iso, ko iyalin da yaƙin Basasa na 1893 ya raba tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Mu masu aikin kwamfuta za mu iya sanya sunayen lunguna da kududdufai da ragowar ganuwa a taswirar waya, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu daidai, da hoto mai kwanan wata, ta yadda in an wayi gari wani yanki ya ɓace za a san yaushe ya ɓace. Wanda kuma ya rubuta sabon jeri, ya faɗi inda ya samo kowace shekara, ya bambanta abin da aka tono a ƙasa da abin da aka ji a bakin kaka, domin kowannensu yana da darajarsa in an kira shi da sunansa.

Kafin nan, in baƙo ya sake cewa a kai shi ya ga gari, a kai shi Dala da Gidan Makama, sun cancanta. Amma a hanyar dawowa a tsaya da shi a wani wuri tsakanin Ƙofar Gadon Ƙaya da Dukawuya inda ƙasar ganuwa ta rage, a bar shi ya taɓa ta da hannu, a gaya masa cewa mutane ne suka ɗauko ta a ka, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.